Gangar Baba Ɗanjuma da Ɓatan Inna

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Nakan ɗauki biro in zauna, in fasa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba in ɗauki alhakin wani. Waɗanda suka yi mana abin da zan faɗa galibinsu sun rasu. 'Ya'yansu suna nan, wasu har gaisawa muke yi, don haka ba zan kama sunan kowa a cikinsu ba. Abin da na gani zan ce na gani. Abin da aka faɗa mini zan ce an faɗa mini. Na daure ne yanzu domin akwai tambayar da nake so in yi wa jama'a tun ina da sauran ƙarfi.

Sunana Mamman. An haife ni a Unguwar Makaɗa, bayan kasuwar Ƙanƙara, gefen da ke gangarawa rafi. Wanda ya je wurin yau shaguna zai gani. A da kowane gida da irin kiɗansa. Gidan farko daga rafi na Kawu Garba ne mai goge. Sai masu dundufa, waɗanda ke yi wa maƙera kiɗa. Sai masu kalangun mahauta. Gidanmu na gangar noma ne. Ni ban yi hannun kiɗa ba. Aikina ɗaure ganga: in jiƙa fata, in kankare gashin, in ɗinke ta a bakin kango, in ja igiya.

A unguwarmu ba a ƙwala wa mutum kira. Kowa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da in ya ji ya san da shi ake. Ko abinci aka gama, da kalangu ake kiran yara.

Mahaifiyata Inna Tabawa zabiya ce. Babu gidan biki ko suna a garin da ba ta san waƙar kakanninsa ba. Ta makance tun ina saurayi, amma ba ta yarda a ja ta. Da kunne take tafiya. In ta ji goge ta san rafi na hannun hagunta, in ta ji gangarmu ta san ta iso. In aka buga takenta, duk inda take sai ta amsa da guɗa.

Babban gidanmu Baba Ɗanjuma ne, wan mahaifina, shi ya riƙe mu bayan mahaifina ya rasu. Ganga ta cinye masa kunne. Da hannu muke magana da shi, amma bai taɓa yarda cewa shi kurma ne ba.

Abin ya faru ne a shekarar da fam ya koma naira. Kuɗi sun shigo gari a hannun 'yan kwangila da direbobin manyan motoci da sojojin da suka dawo daga yaƙi. Suna zuwa unguwarmu a yi musu wasa, su liƙa wa makaɗi sabuwar takarda a goshi. Ruwan sama kuma ya ƙi. Bara bai yi kirki ba, wannan shekarar aka yi shuka ta ƙone. Shanu suna faɗuwa a bakin hanya. Mutanen ƙauye suna zuwa kasuwa da buhu, su koma da shi a naɗe, kuma a hanyarsu ta fita suna jiyo goge daga wajenmu. Ina jin wannan ya zauna a zukatan mutane. Ban ce shi ne dalili ba.

Sai aka yi shela. Babu kiɗa, babu wasa, babu guɗa, sai ruwa ya sauka. Za a fita roƙon ruwa kwana uku. Muka bi umarni. Kowa ya rataye kayansa. Da na ga babu aiki, ga fata ta yi araha saboda dabbobin da ake yankawa kafin su mutu, sai na sake wa babbar gangarmu fata.

Akwai al'adar da sai na bayyana. Ganga sabuwar ɗauri, ranar da fatar ta bushe, babban gida ne ke buɗe mata baki. Yana buga taken kakansa, yana jan igiyoyin har murya ta zauna. In aka bar ta ta wuce ranar, tsofaffinmu sun ce ba ta ƙara yin murya mai kyau. Fatar da na ɗaura ta bushe a rana ta uku ta roƙon ruwa.

Da safiyar ranar matata Hajo ta dama ɗan kunun tsaki, tana goye da jaririnmu. Inna tana zaune a bakin ɗakinta. Ta ce, "Mamman, garin nan ya yi shiru. Jiya na fita bayan gida na kasa gano ƙofata."

Na ɗauki gangar na kai ɗakin Baba, na lulluɓe ta da bargo. Na nuna masa ita, na girgiza hannu, na nuna sama. Na maimaita har sau uku. Ya yi dariya.

"Na ji, ɗan nema. Ni kurma ne? Kai dai tsoro ya yi maka yawa tun kana goye."

Ƙafarsa ba ta kai shi filin idi, don haka muka bar shi a gida tare da mata. Har na kai zaure na dawo na ƙara nuna masa. Ya kore ni da hula.

Da hantsi duk gari yana fili. An fito da yara da tsofaffi, har da awaki da shanun da suka rage. Mun juya rigunanmu. Mu mutanen unguwa muna sahun baya, inda muka saba tsayawa. Liman yana addu'a. Wani tsoho kusa da ni yana kuka ba ya ɓoyewa. In liman ya numfasa, ba ka jin komai sai kukan ɗan akuya.

A cikin irin wannan numfashin ne gangar ta yi magana.

Bugu ɗaya. Shiru. Sai biyu a jere. Sai taken kakan Baba ya fito sarai, ya ratso kasuwa ya iso fili. Gangar noma an yi ta ne don a ji ta daga gona mai nisa. Na san hannun, na san fatar. Kawu Garba ya dube ni, na dube shi.

Kawuna suka fara juyawa sahu bayan sahu. Wani ya ce da ƙarfi, "Kun ji ko? Muna kuka suna kiɗi." Liman ya ɗaga hannu. "Ku zauna. Kowa ya zauna." Na ji shi da kunnena, kuma ina so a san ya faɗa. Amma mutane sun riga sun miƙe.

Muka ruga. Na yanke ta cikin rumfunan kasuwa. Takalmina ɗaya ya tsinke na watsar da ɗayan. A bayana akwai ƙara kamar ta ranar kasuwa, sai dai tana tafiya.

Na tarar da ƙofar Baba a rufe, an tokare ta da itace ta ciki. Tagar an cusa mata tsummoki. Ya yi haka ne don kada ƙara ta fita. A ganinsa a hankali yake bugawa. Na doki ƙofar da hannu, na doke ta da kafaɗa, na ɗauki taɓarya na doka. Ƙofar ƙirya ce, shi da kansa ya sa aka sassaƙa ta. Ina kiran sunansa, yana ta jan takensa.

Hajo ta kama rigata. "Sun iso bakin masallaci." Na tambaye ta Inna. Ta ce Ladi matar Kawu Garba ta ja ta sun yi rafi tun da aka fara jin hayaniya.

Dutse na farko ya sauka a kan kwanon zaure. Sai suka yi ta sauka. Na ji ana cewa, "A fasa. A fasa duka." Sai warin ciyawa mai ci da wuta daga gidan masu dundufa. Na ƙara dukan ƙofar sau ɗaya. Hajo ta ce, "Yaron nan, Mamman." Muka fita ta ƙofar baya.

Sai da muka kai gangare na ga akwai kalangu a hammatata. Ban san lokacin da na zare shi daga ƙusa ba. Ba ni kaɗai ba. Mutanen da ba su ɗauki ko ƙwaryar hatsi ba, kowa yana gudu da abin kiɗansa. Wannan ya sa aka gane mu daga nesa. Wanda aka cim ma, a fasa kayan a kansa.

Gangar tana tashi a bayanmu har muka sauka yashi. Hayaƙi ya rufe unguwar tana tashi. Sai ta tsaya a tsakiyar take. Ban ga abin da ya faru ba, don haka ba zan ce ba.

Rafin a bushe yake ƙayau. Muka bi shi kudu har inda ruwan wata shekara ya ci gaɓa ya yi rami, ga ƙaya ta rufe bakinsa. Nan muka tarar da mutanenmu a cushe, galibi mata da yara. Kawu Garba yana ciki, goshinsa a fashe. Ladi ma tana ciki. Inna ba ta nan.

Ladi ta ce a mashigi ne shanun da aka kai fili suka firgita suka ratso ta cikinsu. Ta faɗi. Da ta tashi hannunta babu kowa. "Ni na sake ta ko ita ta sake ni, wallahi ban sani ba."

Na yunƙura zan fita, sai muka ji su a saman gaɓa. Samari ne da sanduna. Ƙasa tana zubo mana a ka daga inda suke takawa. "Ku fito. Mun san kuna nan." Muka ji an fasa wata garaya da aka yar. Suka wuce, suka dawo. Rana ta take tsaka, ba a ji kiran azahar daga gari ba.

Na san Inna ba ta yi nisa ba. Na san tana tsaye a wani wuri tana juya kai, tana jiran abin da za ta bi. Bugu kaɗan ya isa, za ta amsa, in san inda take. Na gyara kalangun a hammata, na zaro makaɗinsa.

Kawu Garba ya riƙe mini hannu. Ya yi magana a kunnena. "In ka taɓa shi ka kashe ɗiyan nan duka."

Na ce, "Kawu, ba ta gani. Shirun nan ne ke ɓad da ita."

"Na sani. Tare muka tashi da ita."

Na dubi Hajo. Ta danne bakin jaririn a ƙirjinta, tana kallona. Kawu Garba ya zaro 'yar wuƙar da yake gyaran goge da ita, ya huda fuskar kalangun, ya juya ya huda ɗayar. Har yau ban san ko da zan buga ba.

Sai bayan la'asar saman gaɓa ya yi tsit. Na fita. Na koma mashigi, na haura, na gangara, ina kiran Inna da baki. Muryar mutum ba ta zuwa ko'ina a cikin yashi. Sawun shanu ya tattake komai. Na duba kowane rami da gindin kowace bishiya har muryata ta dishe. Ban sami ko ɗankwalinta ba.

Kafin rana ta faɗi mutane suka rarrabu. Wasu suka nufi Ƙetare, wasu Pauwa wurin dangi. Mu muka nufi Sheme, inda kawun Hajo ke da rumfa a bakin hanya. Ba mu bi titi ba. Ƙafata ta tsage. Nonon Hajo ya ɗauke, yaron ya yi kuka har ya daina. A wani ƙauye wata tsohuwa ta ba mu ruwa rabin ƙwarya da dafaffen ganyen tafasa. Ta ga kalangun, ta ce in rufe shi da riga, ba ta tambayi komai ba.

Da na ajiye su a Sheme na juyo Ƙanƙara, na naɗe fuska da rawani. Unguwar ta zama toka da katangu. Na je wurin liman. Ya gane ni, ya shigar da ni zaure da sauri. Ya ce shi da mutum kaɗan suka yi wa Baba sutura, ya kai ni ya nuna mini kabarin. Ya ce ya tura mutane sun bi rafin sama da ƙasa, ba a ga Inna ba, a raye ko a mace. Na ce, "Malam, in zauna in jira ta?" Ya ce, "Ba yanzu ba, Mamman. Ban iya tsare ka."

Ruwa ya sauka daga baya, lokacin da ba zai yi wa gero amfani ba. Aka ci gaba da biki da suna. Ba wanda ya aiko mu dawo.

Na sake wa kalangun fata. Ni da ban iya kiɗa ba, na zauna na koyi abu ɗaya, taken Inna. Na fara bin kasuwanni da shi: Ƙetare, Pauwa, Sheme, Faskari, da ƙananan da ke tsakani. In tsaya a bakin kasuwa in buga, in ɗaga hannu in saurara. In matsa layin masu hatsi in buga, in saurara. Wasu suna jefo mini kwabo. Wani mahauci a Faskari ya ce, "Malam, kalangun nan naka magana ɗaya ya iya? Ko mu haɗa kuɗi mu sa shi makaranta?" Aka yi dariya. Da na faɗa masa dalili ya yanko mini tsire, ya ce duk wanda ya zo daga daji zai tambaye shi.

Sau ɗaya na buga aka yi guɗa a bayan rumfuna. Na ture mutane na zagaya. Ashe kayan amarya ake wucewa da su.

Hajo ta yi haƙuri da ni. In na dawo ba ta tambaya, fuskata take duba. Kawunta ya fara cewa magidanci ba ya rayuwa a kan hanya. Gaskiya ya faɗa, amma ranar kasuwa in ta zagayo ba na iya zama.

Damina biyu suka wuce kafin in kai garin Sabuwa. Da hantsi ne, ban ma shiga kasuwa ba. Ina wucewa ta bayan wani gida na ji mata suna daɓe, suna dukan ƙasar sabon ɗaki da madaɓi suna waƙa. Ban taɓa jin waƙar ba. Amma yadda ake karya muryar a ƙarshen kowane layi, mutum ɗaya na sani yana yin haka. Na tsaya na saurari kalmomin.

Daga rafi in kin hau, gogen Garba ne,
Daga Garba sai masu dundufa,
Ki bi kalangu ki karya dama,
Ga gangar noma, kin zo gida.

Na zauna a gindin katangar. Na buga taken. Madaɓan suka tsaya. Ba a yi guɗa ba.

Wata dattijuwa ta fito zaure. Na gaishe ta na ce, "Hajiya, wa ya koya muku waƙar nan?" Ta ce wata makauniya ce. Fulanin da suka gudo da shanunsu daga fari ne suka zo da ita. Sun tsince ta a cikin yashi tana bin kukan shanunsu, wata tsohuwarsu ta riƙe ta. Sun yi damina ɗaya a bayan gari. Takan shigo gidaje in ana daɓe ko niƙa, ta ba da waƙa mata su amsa. Ba ta karɓar komai sai fura.

Na ce, "Ba ta ce a mai da ita gida ba?"

"Mun tambaye ta. Ta ce wa za ta tarar? An ce mata unguwar ta ƙone da mutanenta. Ta ce tana da ɗa guda, mai tsoro ne, amma ta san ba zai fito ya bar tsohonsu a ɗaki ba."

Ta ce bayan girbi Fulanin suka tashi suka yi kudu, wajen Birnin Gwari, da ita a kan jaki. Damina ɗaya ke nan da tafiyarsu.

Na bi su. Ruga ba ta zama wuri ɗaya. A wani wuri aka ce an ga makauniya mai waƙa, a wani aka ce ba a gani ba. A ƙauye ɗaya na sake jin waƙar a bakin wata mai niƙa, ta ce a gidan biki ta tsince ta. Daga nan sawu ya ɗauke. Na dawo Sheme da zazzaɓi, na ci gaba da ɗaure ganguna a rumfar kawun Hajo.

Kafin a gama sabon titin da ya ratsa Ƙanƙara an raba filin unguwarmu an yi shaguna. Kawu Garba ya rasu a Ƙetare, bai ƙara riƙe goge ba. Masu dundufa sun koma noma a Pauwa, jikokinsu ba su taɓa ganin dundufa ba. Masu kalangu sun watse cikin birane. Waƙoƙin gidajen Ƙanƙara da ke cikin kan Inna, ba wanda ya riƙe rabinsu. Taken mutanen unguwa da na tashi ina ji kullum, yanzu in na lissafa ba sa cika yatsun hannu ɗaya, kuma masu su duk sun mutu.

Waƙar ta yi tafiya fiye da ni. Na taɓa jin ta a bakin wata mata a cikin mota, Garba ya koma Barau, dundufa ta koma wata kalma marar ma'ana. Ba ta san hanya ce ake kwatantawa ba. Yanzu siminti ya kashe daɓe, inji ya kashe niƙa. Matan da suka iya ta suna ƙarewa.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mutanen Sabuwa da kudancinta, da Fulanin da iyayensu suka bi ta nan a shekarun farin. In mahaifiyarka ko kakarka tana wannan waƙa, ka tambaye ta a ina ta koya, wa ya ba ta. Makauniya ce doguwa, siririya, da tsagen kalangu a kumatu, takan karkata kai hagu in ana magana. A bar saƙo wurin masu gyaran ganga a kasuwar Sheme, zai iso ni.

Ba na sa ran tana raye. Ina so in san garin da aka binne ta, da waɗanda suka yi mata sutura, in je in gode musu. In kuma akwai wanda ya zauna da ita a kwanakinta na ƙarshe, ya faɗa mini ko labari ya taɓa kai mata cewa na fito.